Moto na ihu yana tsayawa a sama: wane ESC ya kamata ka saya wa jirginka?

Duk wanda ya taɓa jin wannan ƙarar ba ya mantawa da ita. Jirgin rimot na tafiya lafiya ƙalau, ka ɗan tura totur da sauri, sai ka ji moto ya yi wani irin ƙiiiii kamar ana goga ƙarfe da ƙarfe, farfela ta yi karkarwa ta tsaya, jirgin ya sunkuyar da kai. Wani lokaci in ka mayar da totur ƙasa ka sake turawa a hankali sai ya tashi kamar babu abin da ya faru, wani lokacin kuma ƙasa ta riga ka. Masu harkar suna ce masa disink, wato moto da ESC, ɗan allon nan da ke karɓar wuta daga batir yana juya moton, sun daina tafiya tare, kowa ya kama gabansa. Kuma kusan duk wanda abin ya samu tambaya ɗaya yake yi, wai in sayi ESC mai amfiya da yawa? Ni ma ita na yi, kuma kuɗina ne ya tafi a banza, shi yasa nake so in baje muku yadda ESC ɗin da ke kasuwa suka bambanta a kan wannan matsalar kaɗai, kafin wani ya sake yin odar abin da ba zai masa magani ba.

Sai ka fara gane abin da ke faruwa a ciki, in ba haka ba zaɓin zai zama caca. Moton nan mara burushi wayoyi uku gare shi, kuma ba shi da wani ido da zai gaya wa ESC inda maganadisu yake. To ESC dabara yake yi, a kowane lokaci wayoyi biyu yake ba wuta, ta ukun ya bar ta a sake yana saurare, domin moto in yana juyawa shi ma ɗan janareto ne, yana mayar da wuta ta wannan wayar da aka bari. Daidai lokacin da wutar da ke dawowa ta ratsa tsakiya, a nan ESC yake gane inda maganadisu ya iso, sai ya ƙirga ɗan lokaci ya sauya wayoyin da yake ba wuta. Sauyi 6 ne ke cika zagaye ɗaya na wuta. Yanzu ɗauki moton da kowa ya sani, 2212 mai 1000KV (KV shine yawan juyin da moto ke yi a minti a kan kowane volt ɗaya), maganadisu 14 gare shi, wato biyu-biyu sau 7, in yana juyi 8,000 a minti to a wajen ESC juyi 56,000 ne, sauyin waya 5,600 kenan a sakan ɗaya. Kaga kowane sauyi ko kashi ɗaya cikin dubu biyar na sakan bai kai ba, kuma a cikin wannan ɗan tsakin lokacin ne ake so ESC ya kashe waya, ya jira ta lafa, ya saurara, ya yanke shawara.

Jiran lafawar nan shine tushen yawancin matsalar. Kwayil in ka yanke masa wuta ba nan take yake sakin ta ba, sai ta ɗan ɗauki lokaci tana zubewa, kuma yawan wutar da ke bi ta ciki shine yawan lokacin da take ɗauka. In ka buga totur daga ƙasa zuwa sama a lokaci ɗaya, moto na juyi a hankali, farfela mai nauyi ba ta riga ta ɗauki gudu ba, wuta ta kwararo da yawa, to kafin wayar da aka kashe ta lafa lokacin saurare ya wuce. ESC ya rasa alamar, ya yi sauyi a inda bai dace ba, maimakon ya tura maganadisu gaba sai ya riƙa dukansa ta baya, shine ihun da kake ji. Kuma a wannan lokacin wuta na tafiya ne a matsayin zafi kawai, in ka ci gaba da riƙe totur a sama kana jiran ya warware da kansa za ka iya ƙona kwayil ko ESC ɗin ko duka biyun. Yawan amfiyar da aka rubuta a jikin ESC yana gaya maka wutar da zai iya ɗauka ne bai ƙone ba, babu ruwansa da iya saurare.

Ni a kan wani jirgin kumfa mai faɗin fiffike na koyi wannan. Na samu wani faffaɗan moto da aka ciro daga tsohon duron na ɗaukar hoto, irin masu kama da faifai ɗin nan, maganadisu 22, KV ɗinsa wajen 400, na haɗa shi da batir 6S, wato mai sel shida a jere, da farfela inci 15, na sa masa wani ESC mara suna da aka rubuta wa 60A. Tashi lafiya, yawo lafiya. Da na zo sauka na ga zan wuce filin, totur na ƙasa, sai na tura shi gaba ɗaya don in sake zagayowa, nan take ya yi ihu, farfela ta ƙame, jirgin ya faɗo ta hanci a kan busasshiyar ƙasa, gaban ya murƙushe, batir ya ɓalle daga mazauninsa ya fito ta gefe. Da na je na taɓa moton sai da na janye yatsa saboda zafi, alhali sakan biyu ko uku kawai ya yi yana ihun. Na yi odar wani mara sunan mai 80A, na jira makonni ya iso, na ɗaure jirgin a jikin benci na buga totur, ihu iri ɗaya sak. Abin da ya warkar da shi daga baya ESC ne mai 50A kacal, wanda bai kai na farkon ba ma a rubuce, sai dai shi yana bari ka shiga cikin saitinsa.

To bari mu bi su.

Na farko wanda kusan kowa ke farawa da shi, ja ko rawayan nan mai 30A da ake haɗowa a kwali ɗaya da moto 2212 da farfela. Da yawansu an rubuta SimonK a jiki. SimonK manhaja ce da Simon Kirby ya rubuta tun zamanin da ake fara haɗa duron a gida, don ESC ya riƙa amsa totur nan take ba jira, kuma a lokacinta ta yi amfani sosai. Amma saurin amsawar nan da duron ke so shine abin da babban moto mai ƙaramin KV ba ya so, kuma ba ta da wani saiti da za ka taɓa da rimot, sai dai ka sake zuba mata manhaja ta fil-fil ɗin da ke kan allo, wanda yawancinmu ba za mu yi ba. Ƙari a kan haka ba ka ma da tabbas abin da aka rubuta a ledar shine a ciki. A kan 2212 da batir 3S da farfela inci 9 ko 10 yana aiki, mutane da yawa sun koyi tuƙi da shi, ban ce ka jefar ba. Amma ranar da ya fara disink ba ka da abin juyawa a jikinsa, kuma kar ka kai shi kan moton da ya fi wannan girma.

Na biyu ESC ɗin da aka yi musamman don jirgi mai fiffike, misalin da ya fi yawo shine Hobbywing Skywalker, akwai kuma ire-irensa na wasu kamfanoni. Ni a ganina wannan ne ya dace da mutum takwas cikin goma da ke tambayata, duk da ba shi ne mafi wayo ba. Dalili, an gina shi da tunanin jirgi. Yana da BEC a ciki, wato sashen da ke ba risiba mai karɓar umarnin rimot da sarbo masu motsa fikafikai wuta 5V, ba sai ka nemi wani abu daban ba. Yana da kariyar batir, in sel ya sauka sai ya rage ƙarfin moto ya bar maka sarbo suna aiki ka sauko. Yana karɓar siginar risiba ta yau da kullum kai tsaye. Yana da farantin sanyaya da manyan kafasita a jikinsa tun daga kamfani. Kuma ba ya hawa totur da zafin rai irin na duron, wannan kaɗai yana kawar da rabin disink tun kafin ya faru.

Abin da za ka iya juyawa a jikinsa kaɗan ne amma masu amfani ne. Babban su taimin. Duk wanda ya taɓa zama wajen bakanike ya san zancen taimin, a ce wuta ta riga fistin ko ta makara, to nan ma haka ne, kana gaya wa ESC ya yi sauyin waya da wuri kafin maganadisu ya ƙaraso. A Skywalker na asali mataki uku ne, na ƙasa digiri 3.75, na tsakiya 15, na sama 26.25, kuma a na ƙasa yake zuwa daga kamfani. Wannan na ƙasan ya yi daidai da moto mai maganadisu kaɗan, irin wanda cikinsa ke juyawa, amma motocin da muke sakawa a jirgi yawanci masu juyawa ta waje ne masu maganadisu 12 ko 14, kuma sau da yawa sun fi jin daɗin na tsakiya. In ka ɗaga taimin kana ba wayar da aka kashe ƙarin lokacin lafawa kafin a zo saurare, shi yasa yake maganin disink. Kuɗin da za ka biya shine moto zai ɗan ƙara jan wuta ya ƙara zafi, saboda haka mataki ɗaya za ka hau ka gwada, ka taɓa moton bayan minti ɗaya, ba ka tsallaka can sama kai tsaye ba. Ana saita shi da sandar totur ta hanyar ƙirga ƙarar bip-bip, abin da ke gajiyar da mutum gaskiya, ko ka sayi ɗan katin saiti mai araha ka gama a minti biyu. Ka sayi katin.

Inda irin wannan ESC ke gazawa shine inda nawa jirgin ya faɗa, moto mai maganadisu da yawa, KV ƙasa, batir mai sel da yawa, farfela babba. In ka kai taimin sama bai daina ba, to ka ƙure abin da yake da shi. Akwai kuma iyakar gudu, takardarsa ta ce juyi 210,000 a moto mai maganadisu 2, 35,000 a mai 12, jirgin farfela na yau da kullum ba zai je kusa da nan ba, amma mai haɗa ƙaramin moto mai KV sama sosai da sel da yawa ya yi lissafinsa tukuna.

Sai dangin BLHeli, kuma a nan zan ɗan daɗe don a nan ruɗanin yake, a nan kuma maganin yake. Steffen Skaug ne ya rubuta manhajar BLHeli, daga baya aka samu BLHeli_S, sai BLHeli_32 a 2017. Masu duron na tsere ne suka fi amfani da su, kuma da yake su kullum cikin buga totur suke daga ƙasa zuwa sama, an yi wa manhajar aiki sosai a kan disink. Abin da suke da shi wanda ESC ɗin jirgi na yau da kullum ba ya ba ka shine saitin da ake kira Demag. Aikinsa, ESC yana lura in wayar da ya kashe ba ta lafa a kan lokaci ba, sai ya ɗan yanke wuta na ɗan ƙanƙanin lokaci don kar ya rasa inda moton yake. Mataki uku ne, a kashe, ƙasa, sama, kuma a ƙasa yake zuwa. In ka kai shi sama kana rasa ɗan ƙarfi a lokacin hawa, amma moton ba ya kuɓuce masa. Taimin kuma a BLHeli_S mataki biyar ne daga digiri 0 zuwa 30, na tsakiya 15, a BLHeli_32 kuwa digiri ɗai-ɗai kake zaɓa daga 1 zuwa 31 ko ka bar shi ya zaɓa da kansa. Sannan akwai saitin ƙarfin hawa, wanda ke iyakance wutar da za a tura wa moto yana juyi a hankali. A nawa moton na kai taimin 23, na kai Demag sama, na rage ƙarfin hawa, na ɗaure jirgin na buga totur sau ashirin a jere da cikakken batir, ko sau ɗaya bai yi tari ba. Wallahi na daɗe a zaune ina kallon farfelar nan bayan na kashe.

Amma kar wannan ya sa ka ruga ka saya, don ESC ɗin duron a cikin jirgi mai fiffike yana da nasa wahalhalun kuma masu sayarwa ba sa faɗa. Yawancinsu ba su da BEC, dole ka sayi UBEC, wato BEC mai zaman kansa, daban ka ba risiba da sarbo wuta, ƙarin waya kenan da ƙarin wurin da dalma za ta iya saki. BLHeli_S ba shi da kariyar batir kwata-kwata, zai sha batirin LiPo ɗinka har ya kumbura bai ce maka komai ba, sai ka dogara da agogon rimot ko ƙararrawar batir, kuma mu da batir ke wahalar shigowa ƙasar nan wannan ba ƙaramar asara ba ce. BLHeli_32 yana da kariyar amma sai ka shiga ka kunna. Sannan tsirara suke zuwa, ɗan allo a cikin leda, an yi su ne su zauna a hannun duron iskar farfela na dukansu, in ka cusa shi cikin cikin jirgin kumfa babu iska, a zafin watan Afrilu da ake haura digiri 40 a inuwa, 45A ɗin da aka rubuta ba 45A ba ne kuma. Ka yanka masa ƙofar iska gaba da baya, ka sayi wanda ya fi buƙatarka da rata mai kyau, ka lika masa kafasita a bakin wayar batir. Saita shi ma sai da kwamfuta, ko dai ta cikin allon tuƙi, wato ƙaramar kwamfutar da ke daidaita jirgi a sama, mai manhajar Betaflight ko INAV ko ArduPilot in jirginka na da shi, ko ka nemi ɗan abin haɗi na USB, ko ka mayar da ɗan allon Arduino Nano ya zama abin haɗin.

Akwai tarko guda da nake so ku kiyaye. Za ku ji ana yabon Bluejay, manhaja ce ta kyauta da ake zubawa a ESC ɗin BLHeli_S kuma a duron ta fi ta asalin. Amma siginar DShot kaɗai take ji, irin wadda allon tuƙi ke turawa, ba ta risiba ba. In jirginka risiba ce kai tsaye zuwa ESC babu allon tuƙi a tsakani, ka zuba Bluejay, moton ko motsi ba zai yi ba, ka zauna kana zargin ESC ya mutu. Wasu ESC ɗin ma da ita ake sayar da su yanzu, to ka karanta da kyau kafin ka biya.

BLHeli_32 kuma an rufe shi a 2024, ba a ƙara fitar da sabon gyara, kuma dama manhajarsa a kulle take ba kowa ke iya ganin cikinta ba. Wanda ke hannunka zai ci gaba da aiki, nawa yana nan yana tashi, amma sabon saye yau ni AM32 zan ce. AM32 a buɗe take, tana gudana a kan irin ESC masu ƙwaƙwalwar 32-bit ɗin nan, kamfanoni da yawa sun koma kanta, tana jin siginar risiba ta yau da kullum, tana da kariyar batir da za ka iya kunnawa, kuma ana saita ta daga burauza. Hanyarta ta ɗan bambanta, tana tambayarka KV ɗin moto da yawan maganadisunsa, da su take lissafin wutar da za ta bari ta wuce a ƙaramin gudu. Mutane suna barin lambobin da suka zo da ita, waɗanda aka sa don ƙaramin moton duron mai KV sama, su ɗaura mata moto mai 400KV, sannan su ce ba ta da ƙarfi ko tana yi musu wani iri. Ka ƙirga maganadisun motonka da idonka, ka rubuta gaskiyar KV, rabin aikin ya ƙare. Wasu ESC ɗin BLHeli_32 ma ana iya zuba musu AM32 da ɗan abin haɗi da ake kira ST-Link, sai dai in ka zuba babu komawa.

Na ƙarshe manyan ESC masu tsada, irin Phoenix Edge na Castle Creations da ke jihar Kansas a Amurka. Abin da kake biya a nan, bayan ingancin kayan, shine ESC ɗin yana rubuta abin da ya faru a sama, wutar da aka ja, ƙarfin batir, zafi, gudun moto, matsayin totur, ka sauko ka jona shi da manhajarsu ta kwamfuta Castle Link ka gani a zane. Maimakon ka yi ta hasashe, za ka ga daidai inda gudu ya faɗi alhali totur na sama. Yana kuma bari ka sauya taimin da saurin kunna-kashen wuta. In jirginka babba ne da ka kashe wa watanni da kuɗi masu nauyi, ya cancanta. A jirgin kumfa na koyo kuwa ESC ɗin zai fi jirgin gaba ɗaya tsada, ba shi da ma'ana. Masu cewa a sa moto mai sensa kuma, wanda ke gaya wa ESC inda maganadisu yake kai tsaye, gaskiya ne yana kawar da matsalar saurare a ƙaramin gudu, amma wannan duniyar motocin rimot ne na ƙasa, da wuya ka samu na jirgi.

Yanzu abin da ya fi duk wannan muhimmanci, kuma na ajiye shi nan ne don sai ka san yadda ESC ke saurare za ka yarda da shi: sau da yawa laifin ba na ESC ba ne sam. Tunda ta wayoyin nan uku yake ji, duk abin da ya taɓa ɗaya daga ciki ya toshe masa kunne. Wani ƙanina ya kawo min jirginsa yana disink, har ya riga ya zaɓi sabon ESC a waya yana jiran kuɗi. Na ja ledar da ke kan kawunan haɗin nan na zinare masu 3.5mm, biyu dalmarsu na sheƙi, na ukun ta yi fari-fari kamar toka ta dunƙule a gefe ɗaya, na ɗan murɗa wayar da yatsa biyu sai ga ta ta zare. Ya yanke wayar moton ne don ta yi masa tsawo, bai san cewa a wasu motocin wayar kwayil ɗin ce da kanta ta fito waje ba, da fentin da ke hana ta shan dalma. Muka kankare kowane sili har jan ƙarfen ya fito, muka sake likawa da ayan mai zafi sosai, magana ta ƙare, ESC ɗinsa na da bai taɓa yin laifi ba. Irin wannan a ƙaramin totur ba ya nunawa, sai an ja wuta da yawa ko jijjiga ta kama.

Haka dogon noti da ya shige ya taɓa kwayil, haka maganadisun da gam ɗinsa ya saki, haka boris da ya ci. Lokacin hunturu kuma in kana sauka a ƙasa, ƙura da ɓarɓashin ƙarfe na mannewa a jikin maganadisu, ka juya moton da hannu in ka ji yana ƙasa-ƙasa ka buɗe ka share. In kana da mita ka cire moton daga ESC, ka kama sandarsa da injin huda ka juya shi, ka auna wutar AC tsakanin wayoyin biyu-biyu, sau uku kenan, dole su fito kusan daidai, in ɗaya ta yi ƙasa sosai moton ne ke da ciwo kuma babu ESC ɗin da zai gyara shi. Wayar batir ma kar ka ƙara mata tsawo in kana da zaɓi, gara ka ƙara na moto, don doguwar wayar batir na haifar da tsallen wuta da ke dukan kafasita yana rikita ESC, in kuma dole ne to ka ƙara kafasita a bakin ESC ɗin. Batir da ya gaji shi ma yana taimaka wa matsalar.

Kuma ka tabbata disink ɗin ne ma. In moto ya rage ƙarfi a hankali babu ihu, musamman can ƙarshen tashi, kariyar batir ce ta shiga ko ESC ya yi zafi, Skywalker na asali misali yana rage wuta in ya haura digiri 110. In moto ya ɗauke kuma sarbo ma suka daina amsawa, sigina ce ta yanke ko BEC ya gaza. Disink yana zuwa da ƙara mara daɗi da karkarwa, kusan kullum a daidai lokacin da ka motsa totur da sauri, sarbo kuma na aiki lafiya. Kowanne maganinsa daban.

Akwai kuma magani na kyauta da ya kamata kowa ya gwada kafin ya taɓa aljihu. In rimot ɗinka na da manhajar EdgeTX ko OpenTX, ka shiga wajen haɗa tashoshi ka sa wa tashar totur jinkirin hawa na rabin sakan zuwa sakan ɗaya, saukar kuma ka bar ta yadda take don ka iya kashe moto nan take. Ko ka buga sandar da ƙarfi, ESC zai ga totur na hawa a hankali. Jirgi mai fiffike ba duron ba ne, rabin sakan ba zai cuce ka ba. Rage farfela da inci ɗaya shi ma yana sauke wutar da ake ja a lokacin hawa, kuma farfela ta fi ESC araha nesa ba kusa ba.

To in ka tambaye ni me zan saya, ga yadda nake yanke wa kaina. Moto irin 2212 ko 2826 ko 3536, maganadisu 14, batir 3S ko 4S, risiba kai tsaye: ESC ɗin jirgi irin Skywalker da katin saitinsa, amfiya ta haura abin da watmita, mitar auna wutar da moto ke ja, ya nuna maka da kamar kashi ɗaya cikin huɗu, taimin a tsakiya in ya nuna alamar tari. Moto faffaɗa mai maganadisu 22 ko fiye, ko KV ƙasa da 500 a kan 6S da babbar farfela, ko jirgin da ke da allon tuƙi dama: AM32, ko BLHeli_32 in kana da shi a hannu, tare da UBEC mai kyau da kafasita da ƙofar iska. BLHeli_S sai a ƙaramin jirgi kuma sai in ka yarda za ka riƙa kula da batir da kanka. Babban jirgi mai tsada, mai rubuta bayanai.

Ko wanne ka ɗauka kar ya ga sama sai ya ci jarrabawar ƙasa. Ka ɗaure jirgin da igiya a jikin abu mai nauyi, ka tsaya a bayansa ba a gefen farfela ba, yara su matsa nesa, don farfela inci 10 ma tana tsaga yatsa har ƙashi. Batir cikakke, don a nan wuta ta fi ƙarfi kuma a nan disink ya fi fitowa. Ka bar moto na juyi a hankali sannan ka buga totur har ƙarshe, ka dawo, ka sake, aƙalla sau goma, hannunka a shirye ya kashe da jin ihu na farko. Sannan ka bar shi ya yi zafi na minti ɗaya ka maimaita. A sama farfela na iya juyawa da iska tun kafin ka ba ta wuta, abin da benci ba zai nuna maka ba, saboda haka a tashin farko ka hau can sama sosai, ka kashe totur ka bar jirgin ya yi ta shawagi, ka buga shi a can inda in ya yi ihu kana da sararin mayar da sanda ƙasa ka sake tayar da shi a hankali.